Cikon bayan kwamin ninkaya: abin da nake zubawa

Duk mai gidan da na haƙa wa kwamin ninkaya, da ya ga tulin ƙasar da muka fitar sai ya ce, "Malam, ba za a mayar da ita ba?" Nakan ce, "Alhaji, a kai ta lambu." Ƙasar da aka tono ta riga ta saki. In ka mayar, sai ta yi damina biyu ko uku tana zama, daɓen da ke kanta yana bin ta. In laka ce abin ya fi muni: ta sha ruwa ta kumbura ta tura bango, rani ya zo ta tsattsage ta janye.

An taɓa kira na gyara a wani gida a Kaduna, bayan ruwan Agusta. Tayil ɗin bakin kwamin ya nutse har tafin hannuna yana shiga ƙarƙashinsa. Da muka tona, bututun da ke mayar da ruwa ya karye a gwiwa, lakar ciko ce ta danne shi. Raina ya ɓaci, don kuɗin gyaran ya wuce na tsakuwar da aka ƙi saye.

Tsakuwar dutse nake zubawa, wadda inji ya fasa a wurin fasa dutse, irin ta Mpape a Abuja, daga rabin inci zuwa inci 3/4. Gefenta kaifi ne, tana cije juna, ruwa kuma yana bi ta ciki ya wuce. Kafin tifa ta juye, ɗebi cikin hannu ka murza. In gari ya cika maka tafi, a mayar.

Yashi ya fi araha, amma in ruwa ya cika shi yakan kwarara ya taru a gindin bango. Ban da ɗan shimfiɗa ƙarƙashin bututu, ba na taɓa shi.

Kada ka rufe komai sai ka gwada bututun da ruwa ka ga babu yoyo. Kwamin kankare a bar shi ya yi ƙwari, kwana 28 in hali ya yi. Zuba ciko inci 6 zuwa 8, a daddale, sannan a ƙara. Kwamin faiba kuwa, wanda ake kawowa a ƙere a saka cikin rami, ruwan ciki da cikon waje tare suke hawa, kada ɗaya ya wuce ɗaya da fiye da ƙafa guda, in ba haka ba bangon zai lanƙwashe.

A ɓangaren da ya fi zurfi, tsayar da bututu mai faɗin inci 8 cikin tsakuwar, har ƙasan gindin kwamin. Ranar da za a kwashe ruwan kwamin, leƙa nan tukuna. In ka ga ruwan ƙasa ya taru, fara zuƙe shi da famfo, don yana iya ɗaga kwamin da babu ruwa a ciki.