Kurakuran da muke tafkawa wajen canza tayar mota, da yadda za a gyara

Jama'a wannan maganar ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Mutum zai kula da man inji, ya wanke mota tana sheƙi, amma taya sai ta suɗe ta yi sumul kamar tafin hannu kafin ya waiwaye ta, alhali duk nauyin motar nan da ran wanda ke ciki a kan wannan robar suke tsaye.

Kuskuren farko shi ne jira har sai waya ta fara leƙowa. Wasu ma sai ta fashe. Ku sunkuya ku duba cikin ramukan zanen taya, akwai wasu 'yan tudu ƙanana da aka yi musamman, sau da yawa za ka ga an sa TWI ko ɗan alamar kusurwa uku a gefe saitin inda suke. In zanen ya cinye har ya yi daidai da tudun nan toh saura milimita 1.6 kenan, wanda shi ne iyakar da doka ta yarda da shi a ƙasashe da dama. Ni dai shawarata kar ka bari ta kai nan, daga milimita 3 ka fara shiri, domin zanen nan shi ke korar ruwa daga ƙarƙashin taya, in babu shi motar kan ruwa take hawa ba kan kwalta ba, ka taka birki ka murza sitiyari ka ji babu abin da ya amsa maka.

Na biyu, kuma wannan ni kaina ya taɓa cina, siyan taya ba tare da duba shekarunta ba. Na taɓa ɗaukar wata zanenta cike fal, baƙa wuluk an goge ta tana ƙyalli, ashe ta daɗe a ajiye, ba a yi wata biyu ba na ga gefenta ya tsattsage kamar busasshiyar ƙasa. Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba. A gefenta akwai rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta, in ka ga 2319 yana nufin sati na 23 a shekarar 2019. Kamfanoni irin su Michelin suna cewa daga shekara 5 a riƙa duba ta duk shekara, in ta kai 10 a cire ko da zanen bai ƙare ba. Masu siyan ta hannu ku fi kowa kula da wannan, kuma ku sa hannu ku shafa cikinta ku ji ko akwai faci a gefe ko kumburi.

Sai maganar saiz. Wai ai duk 16 ce zata shiga. Shiga daban, dacewa daban. In an rubuta 205/55 R16 91V, 205 faɗinta ne a milimita, 55 tsayin gefen ne kashi 55 cikin ɗari na faɗin, 16 girman rim a inci, 91 na nufin tana ɗaukar kilo 615, V kuma gudun da take jurewa har kilomita 240 a awa. Lambar nauyin nan ita aka fi raina wa, musamman masu lodi. Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi ko littafin motar, abin da aka rubuta shi zaka nema, kar ka sauka ƙasa da shi.

Yanzu ga wanda na san za a yi min gardama a kai. In biyu kawai zaka iya siya, kusan kowa gaba yake sa sababbin, wai ai can injin yake can sitiyari yake. Masu ƙera taya baya suke cewa a sa, ko da motar da gaba take ja. Dalili kuwa, in gaba ta zame a kwana kana ji a hannunka, ka ɗaga ƙafa daga totur ta dawo hanya, amma in baya ce ta kwace motar juyawa take gaba ɗaya ta kalli inda ta fito, kuma direbobi kaɗan ne ke iya ceto wannan. Saboda haka sababbi baya, masu dama-dama su koma gaba. Kuma dan Allah a daina haɗa iri daban-daban hagu da dama, wannan sabuwa waccan ta kusa mutuwa. Masu motar da ke ja da ƙafa huɗu kuwa ku duba littafinku, da yawa suna so a canza huɗun tare don bambancin girma yana wahalar da giya.

Wani abin kuma, a cire tsohuwa a jefar ba wanda ya tambayi me ya cinye ta. Ita kanta tana ba da labari. In tsakiya ce ta cinye iska ta yi yawa, in gefe biyu ne iska ta yi kaɗan, in gefe ɗaya ne kawai toh alaimen ne ko wani abu a ƙafar motar ya saki. Ka sa sabuwa ba ka gyara wannan ba haka zata bi sahun ta farko cikin 'yan watanni. A yi balansin, a duba alaimen, a canza bawul ma tunda shi ma roba ne.

Iska kuma ba da bugun ƙafa ake aunawa ba, ba kuma lambar da ke jikin taya ake bi ba, waccan iyakar abin da zata iya ɗauka ne. Adadin da ya dace yana kan takardar ƙofar nan, kuma a auna da geji taya na sanyi kafin a yi tafiya mai nisa.

Wajen ɗaurewa ka tsaya a kan mai facin ka gani da idonka. Wasu tayoyin suna da kibiya a gefe da ke nuna inda zasu riƙa juyawa, in aka sa su a baibai basa korar ruwa yadda ya kamata. Notuna a fara kama su da hannu, a ɗaure a tsallake-tsallake kamar tauraro ba bi da bi ba, kuma kar a bari wani ya hau sifana da ƙafa yana tsalle, haka ake lalata zaren kusa har wata rana ta karye. Bayan ka yi kamar kilomita 50 zuwa 100 ka sake bi ka duba ko sun saki. Ka buɗe but ma ka leƙa safaya, ita ma tana da shekaru tana kuma sacewa a hankali, in irin 'yar siririyar nan ce yawanci an rubuta a jikinta kar a wuce kilomita 80 a awa, iya aikinta ta kai ka wajen gyara.