Matakan Shirya Darasin Turanci na Minti 40

Sabbin malamai sun sha tambayata yadda nake shirya darasi. Ga yadda nake yi, da misalin darasin tambayar farashi.

1. Buɗe manhaja ka ɗauki abu ɗaya tak.

2. Rubuta manufa a jimla ɗaya: a ƙarshe yaro zai iya tambayar kuɗin kaya da Turanci.
Hattara: kada ka rubuta "za su fahimta". Fahimta ba ta ganuwa. Rubuta abin da kunnenka zai ji.

3. Yanke yadda za ka gwada su tun kafin ka shirya sauran.

4. Tanadi kayan aiki: sabulu, biro, ƙyallen atamfa.

5. Minti 10, gabatarwa. Ɗaga sabulu ka ce "How much is this?" sau uku.

6. Minti 10, maimaitawa: aji duka, sannan layi-layi, sannan ɗaiɗaiku.
Nan ake tuntuɓe. Hausa ba ta raba p da f, sai ka ji "fen" maimakon "pen". Gyara nan take.

7. Minti 15, ka haɗa su bibbiyu, ɗaya ɗan Kantin Kwari, ɗaya mai saye, su yi ciniki. Aji zai kaure da hayaniya, ƙyale su. Kai dai ka zagaya kana saurare, kada ka katse kowa. Ni nan na fi jin daɗi, har masu kunya bakinsu ke buɗewa.

8. Minti 5 na ƙarshe, kira uku daga bencin baya su gwada.