Yadda za a daidaita bayanan babbar ma'aikatar ruwa ko lantarki a Zamfara

Kafin a sayi wata sabuwar manhaja, a fara da ƙidayar abin da ke hannu. A zaga sashen kuɗi, sashen injiniyoyi da ofisoshin Gusau, Ƙauran Namoda da Talatar Mafara, a rubuta kowane rumbun bayanai da kowane fayil ɗin Excel, da sunan wanda ke riƙe da shi. Yawanci za a tarar taransifoma ɗaya tana da suna uku: injiniya na ce mata "ta bakin kasuwa", masu bil sun ba ta lamba, sito kuma ya san ta da lambar da ke jikin farantinta. Shi ya sa lissafin asara ba ya taɓa haɗuwa.

Maganin shi ne lamba ɗaya tak ga kowace kadara, wadda ba a canzawa ko an ɗauke kadarar zuwa wata unguwa. Kada a cusa sunan gari cikin lambar. Wurin da take ya zauna a nasa gurbin, da alƙaluman GPS masu lamba 5 bayan ɗigo, wanda ya kai daidaiton kusan mita ɗaya. Lambar mita da ta waya kuwa a ajiye su a matsayin rubutu, domin Excel na cinye sifirin farko idan ya ɗauke su a adadi, sai 0803 ya koma 803. Kwanan wata ma a tsayar da salo ɗaya: shekara, wata, rana.

Sai a naɗa mai alhakin kowane rukuni. Bayanan kwastomomi na shugaban kasuwanci ne, na kadarori na babban injiniya. Sashen kwamfuta mai gadin rumbu ne kawai, kuma nan ake yawan yin kuskure a ɗora masa komai. Shi ba zai iya tantance ko Mamman, Muhammadu da Moh'd na gida ɗaya mutum ɗaya ba ne. Masu alhakin su riƙa zama duk wata, a gabansu akwai adadin bayanan da suka maimaitu da guraben da aka bari fanko.

Ma'aikatan fili su yi aiki da manhajar da ke karɓar bayani ba intanet, irin su KoboToolbox, ta tura in an samu sabis. Wanda ya ga yadda aka rufe layukan waya a jihar nan a Satumban 2021 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta wajabta sanar da NDPC, wato hukumar kare bayanan sirri ta ƙasa, cikin awa 72 idan bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su. Don haka a daina yawo da jerin kwastomomi a WhatsApp, a rufe asusun ma'aikaci ranar da ya bar aiki, a ajiye kwafi uku na rumbun, ɗaya a wajen ginin, kuma duk wata uku a gwada dawo da shi a ga ko yana buɗuwa.