Kurakuran da muke yi har ɓarawo yake samun sauƙinmu a Legas

An taɓa ɗauke min ƙaramin janareta a gidan da nake haya a Agege, bayan kwana biyu na gan shi a wurin wani mai gyara, har lotsewar da ke jikin tankin na gane, amma da aka ce in kawo shaida sai na tsaya ina zare ido. Risit babu, lambar jikinsa ban taɓa dubawa ba. Haka na juyo.

Mu dai mun san kayanmu da ido, kuma a caji ofis ido ba shaida ba ne. Janareta, batirin sola, talabijin, mashin, duk akwai lamba a jiki, ka ɗauki hotonta tare da risit ka tura wa wani ɗan'uwa a WhatsApp. Wasu kuma su rubuta suna da alƙalamin maka ko fenti su ce sun yi alama, malam ɗan fetur a tsumma ya gama da wannan. Kai wa mai walda ya ɗora maka harufa biyu a jikin ƙarfen, ɗaya a fili don ɓarawo ya gani ya ji ba daɗi, ɗaya a ɓoye ta ƙasa. Masu mota sun daɗe da gane haka, shi ya sa kake ganin lambar mota a kankare jikin madubi, don wanda zai saya a Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, sai ya yi tunani.

Waya kuwa danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, za ta fito, lambobi 15, amma don Allah kar ka ajiye ta a cikin wayar da za a sace, rubuta a takarda. Kuma in za ka sayi ta hannu a Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta, ka karɓi risit, kar ta zama ta sata ce a bi sawu a same ta a aljihunka.

Babban kuskurenmu shi ne zama mu ya mu. Shekara biyar kana gida ɗaya da Bayarabe ba ka da lambarsa, taron CDA, wato ƙungiyar ci gaban unguwa, ba ka zuwa, kuɗin gadi sai an yi rigima, sannan lokacin Sallah ka danna ƙaton kwaɗo ka tafi Arewa wata guda, duk layi an san ɗakin ba kowa amma ba wanda ka bar wa amana. Matar da ke soya ƙosai a bakin get ta fi mai gadi sanin baƙuwar fuska, gaishe ta.

In an kama ɓarawo kuma banda duka, banda maganar taya da fetur, ku za a kwashe. A kira lambar gaggawa 112 ko 767, kyauta ne, a sanar da Sarkin Hausawan unguwa, sai ka fito da hoton lambarka.