Kafin ki sayi blanda don haɗin kayan marmari

Idan kika shiga shagon masu kayan wuta a kasuwar Sabon Gari ta Zariya kika ce kina son blanda, abin da za a fara nuna miki shi ne lambar da ke jikin kwali. Wannan wat 4500 ce Hajiya, waccan kuma 8000. Don Allah kada lambar nan ta ɗauke miki hankali. Filogin nan namu mai ƙafa uku fis ɗinsa amfiya 13 ne, wutar Najeriya kuma bolt 230 ce, in aka yi lissafi iyakar abin da zai iya ja bai wuce wat 3000 ba. To ina mai 8000 za ta samo ragowar? Ki ce a fito miki da ita daga kwali, ki ɗaga injin da hannu ki ji nauyinsa. Wanda kika ji shi sakayau, waya kaɗan ce a cikinsa, ko me aka rubuta a kai.

Tambayar da ya kamata ki fara yi wa kanki tun a gida ita ce, me zan riƙa niƙawa? In ayaba ce da gwanda da kankana da fiya, da mangwaro in lokacinsa ya zo, a haɗa da yogot ko madara, to blanda mai wat 300 zuwa 500 ta ishe ki, kuma su ne masu sauƙin kuɗi. Ko fura kika jefa da kindirmo za ta dama miki ita lukwi. Inda ake fara samun matsala shi ne dabino da aya da kwakwa da ƙanƙara. Waɗannan suna son mai wat 600 zuwa 1000 na gaskiya, mai wuƙa mai kauri.

Amma akwai dabarar da za ta sa ƙaramar ma ta yi miki aikin babba, kuma da ita nake amfani a gidana. Dabino a cire ƙwallon a jiƙa shi a ruwan ɗumi har ya yi laushi. Busasshiyar aya ta kwana a ruwa. Kwakwa a goge ta ko a yanka ƙanana sosai. Ƙanƙara kuwa ni na fi son in bar ta gaba ɗaya, sai in ɓare ayaba in yanka in sa a firiza, in ta daskare ita ce za ta ba haɗin sanyi da kauri, ba ta tsinka shi, ba ta kuma cin bakin wuƙa. Wadda take yin kunun aya da yawa don sayarwa, gaskiya ta kai injin markaɗe na unguwa, blandar gida ba a yi ta don wannan ba.

Sai maganar wuta, wadda a Zariya ba a tsallake ta. In a ƙaramin janareta za ki riƙa kunnawa, irin wanda ke ɗaukar fanka da ƙwai da talabijin, babbar blanda za ta danne shi, don inji yana jan wuta fiye da kima a daidai lokacin da yake tashi. Haka ma mai sola da ƙaramar inbata. A nan ƙaramar blanda ta fi miki amfani ko da kina da kuɗin babba. Ranar da aka kawo wuta marar ƙarfi kuma, kika ga ƙwai ya yi ja, kika kunna kika ji injin yana gurnani wuƙa ba ta juyawa sosai, ki kashe nan take. Haka kwayil, wato wayar da ke naɗe a cikin injin, yake ƙonewa.

Masu sha'awar kayan gwanjo, ana samun masu ƙwari sosai a cikinsu, ba na hana ki. Sai dai ki kifa injin ki karanta takardar da ke manne a ƙasansa. In kika ga 110V ko 120V, ta Amurka ce, kina jona ta a wutarmu kai tsaye za ta yi hayaƙi. Wadda aka rubuta 220V zuwa 240V ita ce tamu.

Kofin kuma shi ne abin da mata da yawa ba sa tsayawa su duba, alhali shi ne zai sa ki ji daɗin haɗin ko ki zubar. A yawancin gidajenmu blanda ɗaya ce take markaɗa attaruhu da albasa da rana, a wanke ta a zuba ayaba da yamma. Roba tana riƙe yaji da warin albasa, kuma in ta fara karcewa ta ciki ko sau nawa kika wanke sai yaro ya ce miki lemonsa da yaji. Gilashi ba ya riƙe wari, sai dai nauyi, ga tsada, in ya suɓuce kuma shi ke nan. Abin da na ga ya fi shi ne ki nemi wadda ta zo da kofi biyu, ko ki sayi na biyu daban. Nawa na kayan miya na ɗaura masa jan zare a hannu, kowa a gidan ya san ba a zuba madara a cikinsa. Mai lita ɗaya da rabi ya isa gida mai mutum huɗu ko biyar.

Ki juya kofin ki kalli ƙasansa. Akwai 'yan haƙoran da suke shiga cikin na inji su juya wuƙa, akwai kuma zoben roba da ke hana yoyo. Su biyun nan ne suke riga komai lalacewa, injin yana nan da ransa amma blanda ta zama kayan ajiya. Don haka ki tambayi mai shago, Alhaji in wannan ya cinye ana samun irinsa? Yana da kyau ma kafin ki biya ki leƙa wurin mai gyaran kayan wuta ki ji waɗanne ne yake samun kayansu. Sunaye irin su Binatone da Scanfrost da Philips da Kenwood sun daɗe a kasuwannin ƙasar nan, amma suna kaɗai bai isa ba tunda akwai jabu, ki duba rubutun ko ya fita tsaf, da takardar garanti a cikin kwali.

Kada ki bar shagon sai an gwada a gabanki. A zuba ruwa rabin kofi, a kunna. Ki duba ko yana ɗiga ta ƙasa, ki ji ko murfin ya kama gam, ki saurara ko akwai ƙarar ƙarfe na gugar ƙarfe, ki kuma shinshina ko akwai ƙauri. A taɓa kowane maɓalli, har da wanda in an danna yake juyawa in an saki ya tsaya, don shi ne ke taimakawa wajen farfasa abu mai tauri. Ki karɓi rasidi mai kwanan wata. Farashi kuwa yana sauyawa da sauri, ki taya a shago biyu ko uku, a Sabon Gari da PZ, kafin ki yanke.

'Yan ƙananan nan da ake cajinsu kamar waya sun dace da ɗaliba a Samaru ko Kongo mai son kofi ɗaya na ayaba da madara. Ba su wuce nan ba.

In kin kawo ta gida, ruwa ko madara ake fara zubawa, sai masu laushi, masu tauri ko daskararru a ƙarshe. Kada ta wuce minti ɗaya tana juyawa ba hutu, musamman a zafin Maris da Afrilu, lokacin da mangwaro ya cika gari kuma aikinta ya fi yawa. Kada ki zuba kunu ko miya da zafinsu, tururi yana iya cilla murfin. Da kin juye haɗin ki zuba ruwa da ɗigon sabulu ki kunna kaɗan ki ɗauraye, injin kuma tsumma mai ɗanshi kawai yake buƙata, ruwa kada ya shige shi.