Yadda Za Ka Kiyaye Rayukan Ma'aikata Idan Ka Kawo Ɗan Kwangila

Masana'anta gare ka, ko makaranta, ko rukunin shaguna, wata rana dole ka kira na waje: mai walda, mai gyaran wuta, kafintan da zai sauya kwano, masu yashe sokawe. Da yawanmu da zarar an yi ciniki an ba da kafin alƙalami, sai mu ɗauka nauyi ya sauka daga wuyanmu. Bai sauka ba. Ɗan kwangila ya san sana'arsa amma bai san wurinka ba, kai kuma ka san wurinka ba ka san sana'arsa ba, kuma a tsakanin nan ake rasa rayuka. Shi ya sa Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1994, ta ce idan kamfanoni biyu suna aiki wuri ɗaya a lokaci ɗaya, wajibi ne su haɗa kai wajen kiyaye lafiya.

Matakin farko yana zuwa tun kafin maganar kuɗi. Zagaya wurin da ƙafarka, ka rubuta abin da zai iya cutar da baƙo: wayar da aka binne, ɗakin da ake ajiye man dizal, rufin da ya ruɓe, babban layin lantarki da ya ratsa ta saman katanga. Ka rubuta kuma abin da aikin zai jawo wa mutanenka, kamar ƙura, tartsatsi da ramin da za a bari a buɗe.

Na biyu, zaɓen wanda za a ba aikin. Araha ba ta ado. Wanda ya karya farashi fiye da kima, sau da yawa kuɗin kwalkwali da igiyar ɗaure jiki ya cire. Tambaye shi inda ya taɓa yin irin aikin, ka kira masu wurin. Tambaye shi su wa za su yi aikin da hannunsu, domin an saba ganin mai kwangila ya karɓa, ya sayar wa wani, wannan kuma ya kwaso leburori daga bakin titi da safe. Idan kamfani ne, nemi shaidar rajistarsa da NSITF, hukumar da ke kula da asusun diyyar ma'aikata. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun diyya. Ƙananan yara kuwa kada ka yarda a hau da su gini, ko da an ce maka 'yan koyo ne.

Na uku, a sa komai a takarda, ko da shafi ɗaya ne: wa zai kawo kayan kariya, wa ke kula da aikin daga ɓangarensa, wa daga naka, da cewa kana da ikon tsayar da aiki. Kada kuma ka ba da wa'adin da ba zai yiwu ba. Idan ka ce aikin mako guda a gama shi cikin kwana uku, kai ka sa su gaggawa.

Na huɗu, ranar da za a fara, tara su duka, ba shugabansu kaɗai ba. Yi musu bayani da harshen da suke ji, nuna musu ƙofar fita, tukunyar kashe gobara, akwatin taimakon gaggawa da inda ba a shiga. Maigadi ya rubuta sunan duk wanda ya shiga da wanda ya fita. Naka ma'aikatan ma a sanar da su.

Mataki na biyar shi ne zuciyar al'amarin. Akwai ayyuka huɗu da ba za a taɓa su ba sai da takardar izini mai sa hannu, ta ranar kaɗai.

Aikin lantarki: "ai babu wuta" ba hujja ba ce. An ɗauke wuta da safe, mutum ya cusa hannu cikin akwatin fis, sai a dawo da ita, ko wani ya tayar da janareta daga bayan gini, ko inbatar sola ta ci gaba da turo wuta. A kashe kowace hanya, a sa kwaɗo a kan makunnin, mukullin ya zauna a aljihun mai gyaran, a gwada wayar da na'ura kafin a taɓa.

Walda da yankan ƙarfe: a kwashe duk abin da ke cin wuta kimanin mita 10 daga wurin, mutum ɗaya ya tsaya da tukunyar kashe gobara, kuma ya ci gaba da tsayuwa har awa guda bayan an gama, domin tartsatsin da ya faɗa cikin buhuna ko silin yakan daɗe yana ci a ɓoye. Duron da ya taɓa ɗaukar fetur ba a kai masa wuta don an ga babu komai ciki. Tururin da ya rage ne ke fashewa.

Shiga rami, sokawe, rijiya ko tanki: wannan ya fi ba ni tsoro. Iskar sokawe mai warin ruɓaɓɓen ƙwai idan ta yi yawa tana kashe jin wari, mutum ya zaci ta tafi, sai ya faɗi. Ɗan'uwansa ya dira don ya ceto shi, shi ma ya faɗi. A buɗe ramin ya sha iska, a auna da na'ura, a ɗaura wa mai shiga igiya, wani ya tsaya a baki ba ya gusawa. Injin jan ruwa mai amfani da fetur ba ya shiga rami, hayaƙinsa kisa yake yi. In wani ya faɗi, a jawo shi da igiya, a kira 112, kada kowa ya bi shi.

Hawa sama: a ɗaure tsani, gindinsa ya nisanci bango mita 1 a kowane mita 4 na tsayi, a killace ƙasa don masu wucewa.

Na shida, sa ido, musamman lokacin canjin aiki. A 1988 mutum 167 suka mutu a dandalin haƙar mai na Piper Alpha a tekun da ke gabashin Sikotland. An cire bawul ɗin wani famfo don gyara da rana, labarin bai isa ga ma'aikatan dare ba, suka kunna famfon, gobara ta tashi. Saboda haka duk aikin da zai kwana bai ƙare ba, a gaya wa mai karɓar aiki baki da baki, a kuma rubuta. Ka riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba. Idan ka ga kafinta a kan kwano da silifas, kira shugabansu gefe: "Malam, a sauko da yaron nan tukuna." Kada ka jira a tashi.

Idan sun ce sun gama, ku zagaya tare kafin ka biya cikon kuɗi. A rufe ramuka, a mayar da murfin akwatunan wuta da garkuwar injuna, a kwashe ƙusoshi da guntayen rodi, a cire kwaɗon da aka sa, a karɓi takardun izini. Rubuta duk wani rauni ko abin da saura ƙiris ya faru, da yadda ɗan kwangilar ya ɗauki gyara da aka yi masa, ka ajiye a fayil don ranar da za ka sake neman mai aiki.