Yadda zaka sa manhajar kwamfuta a ƙaramar tabulet, da abin yi in ta ƙi

Tun da na fara zuwa da 'yar tabulet ɗina mai inci 8 karatun dare a Samaru, Zariya, mutane ke tare ni, wai malam wannan abar tana ɗaukar Word da Excel irin na laftop? Tana ɗauka, amma ba kowace ba, kuma akwai wahalhalun da in ba'a faɗa maka ba sai ka zaci ta lalace ne alhali lafiyarta ƙalau.

Kafin ka ba da kuɗinka a Sabon Gari ko PZ ka kunna ta a gabansu ka ga me ke ciki. In Android ce to fayil mai .exe, wato manhajar Windows, ba zai buɗe haka kawai ba ko zaka kwana kana dannawa. Haka Surface RT ɗin nan ta 2012, kamanninta sak Windows amma firosesanta ARM ne irin na waya, bata karɓar manhajar kwamfuta ta waje, kar kyan jikinta ya ruɗe ka. Waɗanda nake magana a kai su ne masu Windows da firosesan Intel Atom da suka fito wajen 2013 zuwa 2014, irin su Dell Venue 8 Pro, HP Stream 7, Toshiba Encore, yawancinsu ram 1GB ko 2GB, ma'aji 32GB. Mai 1GB kam ni bana ba kowa shawara, ka buɗe burauza kawai ta fara nishi.

To ka saya. Abu na farko ba inistol bane, shiga Settings, System, About ka duba System type. Da yawansu zaka ga an rubuta 32-bit operating system, x64-based processor, kuma nan ne mutane ke faɗawa rami, sai mutum yace ai firosesan 64 ne bari in sa mata Windows 64, ina, UEFI ɗin da ke tada na'urar 32 ne, fulash ɗin da ka ɗora Windows 64 a kai ma ba zata gani ba. Saboda haka duk manhajar da zaka sauke ka nemi wadda aka rubuta x86 ko 32-bit. In ka danna fayil ta rubuto This app can't run on your PC, kusan kullum wannan ne dalilin, ka ɗauko na 64. 'Yan injiniya ku ji da kyau, MATLAB na ƙarshe mai 32 shine R2015b, AutoCAD kuma daga na 2020 ya koma 64 zalla, kuma ko tsohon ka samu gaskiya a ram 2GB azabtar da kai zaka yi. Office na 32, VLC, SumatraPDF na karanta handawut, waɗannan suna tafiya sumul. Windows 11 kuma ka cire rai, tana neman ram 4GB da ma'aji 64GB kuma babu ta 32 sam. Windows 10 ɗin ma Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025, don haka ni bana shiga harkar banki da ita.

Yanzu abin da ya fi komai, dan Allah kafin kowa ya yi mata fomat ka kwashe direbobi, wato fayilolin da ke sa sauti, Wi-Fi da sakirin aiki. Ni na ɗanɗana. Na kai tawa wajen wani mai gyara yace minti talatin ne, na je na yi sallar la'asar na dawo na tarar Windows sabuwa fes amma babu sauti, babu Wi-Fi, in na taɓa saman sakirin sai abin ya danna ƙasa, kamar mai aljanu. Kwana huɗu ina yawo da fulash kafin na samu wani mai irin tawa na kwafa daga tashi. Alhali layi ɗaya ne da ya isa, ka sa memori, ka buɗe folda a ciki ka sa mata suna direba, ka buɗe Command Prompt a matsayin admin ka rubuta dism /online /export-driver /destination:D:\direba in memorin naka D ne. Ka kwafi foldar a waya ma, memori na ɓata.

Sai maganar waje. 32GB ɗin nan Windows ta cinye kusan rabi tun kafin ka ce bismilla. A Command Prompt ɗin dai rubuta powercfg /h off, zai goge fayil ɗin hibanet, sai compact.exe /compactos:always wanda ke matse fayilolin Windows, yana ɗan jimawa, ka barta a caji ka je ka ci abinci. Ka bi da Disk Cleanup ka share Windows.old in akwai. Bidiyo da littattafai duk su koma memori, manhajar da kake buɗewa kullum kuma ka barta a ciki don memori bai kai cikin sauri ba.

In manhaja ta shiga amma ta ƙi buɗewa tana cewa MSVCP140.dll ko VCRUNTIME140.dll ya ɓata, kar ka je kana sauke dll ɗaya-ɗaya a shafukan da baka sani ba, can ake kwaso bairos. Visual C++ Redistributable take nema, ka sauke na x86 daga shafin Microsoft shikenan. Tsofaffin manhajoji kuma suna neman .NET Framework 3.5, ana kunna shi a Turn Windows features on or off amma yana cin data kaɗan.

Ƙanƙantar sakirin ita ce ke ban haushi har yau. Waɗannan manhajojin an yi su ne don mawus, yatsa ya yi musu kauri, kana son danna File sai ka danna Edit. Wani lokacin taga zata buɗe maɓallin OK ya nutse ƙasa baka ganinsa, to ka juya tabulet ɗin a tsaye ko ka maida Scale zuwa 100% a Display. Danna-dama kuma riƙe yatsa zaka yi sai murabba'i ya fito ka saki. Ka riƙe yatsa a kan taskba ka zaɓi Show touchpad button, zai baka ɗan mawus na kan gilashi, da kibod ɗin ma a nan ake fito da maɓallinsa in ya ƙi tasowa da kansa. Amma in furojet zaka rubuta nemi kibod da mawus na Bluetooth, saboda ramin USB ɗaya ne tal, shi ne na caji shi ne na OTG wato na haɗa fulash, kuma yawanci ba'a haɗa biyun lokaci guda, kaga in an kawo wuta na awa biyu sai ka zaɓa, caji ko fulash.

Tabulet ɗin bata da fanka. Zafin watan Maris da Afrilu na Zariya in ka ɗora ta kan katifa tana caji kana aiki zata rage gudu da kanta, ba lalacewa bace, cire rigar, ɗora ta kan tebur ko tayil minti goma zata dawo.

Masu Android kuma akwai Winlator, yana amfani da Wine da Box64 ya buɗe wasu .exe, ya fi jituwa da Snapdragon, amma sai a hankali, wata ta buɗe wata ta mutu a hanya. Wanda yake da laftop a ɗaki ko abokin da zai bar tashi a kunne, Chrome Remote Desktop ko AnyDesk ya fi sauƙi, aikin na gudana a can kai kana kallo kana dannawa daga unguwar Kongo, sai dai duka biyun su kasance da netwok kuma batirin waccan ya kai.